FAIFAI BA KAYAN JERE BA NE

Wani sabon yayi ya fara leƙowa cikin matasa masu ilimin zamani, kuma tun bai yi jijiya ba ya kamata a faɗa masa gaskiya. Yayin kuwa shi ne na sayen faifan garmaho domin ado. Sai ka ga saurayi ya nemo faifai biyu ko uku masu kyawun jaka, ya kafa su a bango kamar yadda amarya take jera kwanuka, ya tsaya gabansu a ɗauke shi hoto, ya watsa wa duniya domin a ce ya san kiɗa. In ka tambaye shi wa ya buga ganga a faifan, ko a wane gari aka ɗauki waƙar, sai ya hau kame-kame. In kuwa ya mallaki abin sa faifan, to galibi ɗan akwatin nan ne mai hannu, mai arha, wanda aikinsa kankare faifai.

Kada mai karatu ya zaci cutar tamu ce mu kaɗai. A Amurka, inda yayin ya taso, ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar, wato RIAA, ta ba da lissafin cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da faifan garmaho ya wuce CD a yawa tun 1987. Amma a 2023 sai kamfanin ƙididdiga na Luminate ya fitar da wani bincike da ya nuna rabin masu sayen faifan ne kawai suke da abin da za su saurare shi da shi. Ke nan rabin kasuwar nan ’yan jere ne. Wannan shi muke shirin kwaikwayo, kamar yadda muka saba kwaso ɓawo mu bar ƙwaya.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa a wannan maƙala guda ɗaya ne. Tsohon faifai amana ce, musamman faifan kiɗan sol, domin a cikinsa aka adana wahalar mutanen da aka ci guminsu aka manta da sunayensu. Wanda ya riƙe irin wannan faifai akwai hakki biyu a wuyansa: ya saurare shi har ya san masu shi, kuma kada ya kashe shi da muguwar allura. Wanda ba zai iya sauke waɗannan biyun ba, ya fi masa mutunci ya tsaya a kan wayarsa.

Sunaye biyar ba su ne kiɗan ba

Kiɗan sol, wanda ma’anar sunansa a Turanci ita ce rai ko ruhi, baƙar fatar Amurka ne suka haife shi a ƙarshen shekarun 1950, daga haɗuwar waƙoƙin majami’unsu da kiɗan gidajen rawarsu. Ya girma ne a daidai lokacin da suke fafutukar neman ’yancin zama ɗaya da farar fata, saboda haka muryar da ke cikinsa murya ce ta mutumin da aka danne amma ya ƙi durƙusawa. Kowa ya san manyansa: James Brown, Aretha Franklin, Otis Redding, Marvin Gaye, Stevie Wonder. Ba ni da ja a kan girmansu. Inda nake ja shi ne a ɗauka daga su an rufe ƙofa, alhali kuwa su kan tudu ne kawai, dutsen yana ƙarƙashi.

Dalili kuwa shi ne kiɗan sol a ƙaramin faifai ya rayu. Kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti a 1948, sa’an nan RCA Victor ya fito da ƙarami mai faɗin inci 7 da juyi 45 a 1949. Wannan ƙaramin, mai waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi ne abin da talaka yake iya saya, kuma shi ne abin da ƙaramin ɗan kasuwa yake iya bugawa. Saboda haka ban da Motown na birnin Detroit da Stax na birnin Memfis, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta tsiro kamar ciyawar damina, wani a bayan shagon aski, wani a garejin mota. Su buga faifai ’yan ɗaruruwa, in gidan rediyon garin ya sa shi an dace, in bai sa ba shi ke nan, sai kwali ya tafi sito. Wace waƙa za ta fito, wace za ta nutse, sau da yawa ba daɗinta ne yake yanke hukunci ba. Ƙarfin aljihun mai kamfani ne, da hanyar rarraba kaya, da abin da aka miƙa wa mai gabatar da shiri a rediyo.

Ga misalai, domin gani ya kori ji. A 1964 wata yarinya ’yar Memfis da ba ta kai shekara 18 ba, mai suna Wendy Rene, ta yi wa Stax waƙar “After Laughter (Comes Tears)”. Ba ta yi wata kasuwa ba, kuma bayan ’yan shekaru yarinyar ta bar sana’ar ta koma rainon iyali. A 1967 wasu ’yan mata da ake kira The Charmels suka yi “As Long As I’ve Got You”, wadda Isaac Hayes da David Porter suka tsara, ita ma ta nutse. Sai a 1993 da ’yan Wu-Tang Clan na New York suka yanko guntayen waɗannan faya-fayai biyu suka gina “Tearz” da “C.R.E.A.M.” a kansu, sa’an nan duniya ta yi ta rausaya da sautin. Tambayi masu rausayar nan ko sun taɓa jin sunan Wendy Rene.

Gloria Jones ta ɗauki “Tainted Love” a 1964, aka maƙala ta a bayan faifai, ba wanda ya kula. A 1981 wasu Turawan Ingila biyu masu suna Soft Cell suka sake ta, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasarsu, har yau akwai masu rantsuwa cewa tasu ce. James Carr ya rera “The Dark End of the Street” a ƙaramin kamfanin Goldwax a 1967, manyan mawaƙa irin su Aretha Franklin da Percy Sledge suka bi sahunsa suka sake ta, shi kuwa rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta kayar da shi, ya rasu a 2001 ba tare da sunansa ya kai inda muryarsa ta cancanta ba. Bettye LaVette ta je Muscle Shoals a jihar Alabama a 1972 ta ɗauki cikakken babban faifai, kamfanin Atlantic ya jefa shi a sito ya ƙi fitarwa. Sai a shekarar 2000, bayan shekara 28, wani Bafaranshe mai son kiɗan, Gilles Pétard, ya tono shi ya buga a Faransa. Matar da aka ce ba ta isa a fitar da faifanta ba, ita ce aka gayyata ta yi waƙa a bikin rantsar da Shugaba Barack Obama a Janairun 2009. Muryar ba ta canja ba, kunnen masu kasuwa ne ya makara.

Kura da shan bugu

Da mantuwa ce kawai da da sauƙi. Akwai zalunci a ciki. A 1969 ƙungiyar The Winstons ta cike bayan faifanta da wani kiɗa mara waƙa mai suna “Amen, Brother”. A tsakiyarsa mai ganga, Gregory Coleman, ya yi wani bugu shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 6 zuwa 7. Wannan ɗan bugun an yanke shi an liƙa a dubban waƙoƙi, daga “Straight Outta Compton” ta N.W.A. a 1988 har zuwa wasu nau’o’in kiɗan rawa na Ingila da kusan a kansa aka gina su gaba ɗaya. Coleman bai karɓi ko sisin kwabo ba, ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da wurin kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanonin ma ba su tsira ba. Jim Stewart, mai Stax, ya sa hannu a wata yarjejeniyar rarraba kaya da Atlantic a 1965 ba tare da ya tantance abin da ke ciki ba. A 1968, watanni kaɗan bayan Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 10 ga Disamba 1967 yana da shekara 26, sai Stewart ya gano cewa duk waƙoƙin da Atlantic ya rarraba masa sun zama mallakar Atlantic. Aikin shekaru ya tafi a kan ’yan layuka. Stax ya sake miƙewa, amma a 1975 ya karye.

To ɗan’uwa ɗalibi, wannan shi ne abin da ka rataye a bangonka. Ba za ka iya biyan Coleman ba, ƙasa ta riga ta rufe shi. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka san sunansa, ka juya faifan ka ji abin da ya buga. Wanda ya mai da faifai kayan jere ya maimaita laifin masu kamfanin nan ne a ƙaramin sikeli: ya ci moriyar hoton, ya watsar da mutumin.

Masu cewa komai yana cikin waya

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce wannan duk ɓata lokaci ne, tun da kowace waƙa tana intanet, kuma sautin waya ya fi tsabta. A kan tsabta ba na musu. Duk wanda ya ce maka faifan roba ya fi na’urar zamani fitar da sauti daidai, son zuciya ne yake magana da bakinsa. Faifai yana da ƙara, yana da tsatsa, yana cinyewa, kuma sautinsa yana raguwa in allura ta kusa tsakiya. Ni ma ba na cewa kowa sai ya sayi garmaho kafin ya ji James Carr. A saurare shi a waya, ya fi a ƙi saurarensa.

Amma cewa komai yana intanet ƙarya ce. Abin da ke intanet shi ne abin da wani ya sami asalinsa ya ɗora. Asalin kuwa, wato tef ɗin da aka fara ɗaukar waƙa a kansa, abu ne mai ƙonewa mai ruɓewa. Ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wata ma’ajiyar kamfanin Universal a jihar Kalifoniya, kuma sai a 2019 mujallar jaridar New York Times ta fallasa cewa tef-tef na asali masu ɗimbin yawa sun hallaka a ciki. In haka ta sami babban kamfani, ina ga na bayan shagon aski? Lokacin da kamfanin Numero Group na Chikago ya fara jerin faya-fayansa na tono kiɗan sol da aka manta, a 2004, da ƙaramin kamfanin Capsoul na birnin Columbus a jihar Ohio ya fara, kuma ya tarar ambaliya ta riga ta lalata tef-tef na asali. Abin da ya ceci waƙoƙin shi ne ’yan ƙananan faya-fayan da suka rage a hannun mutane. Ke nan a waƙoƙi da yawa faifan nan da kake wasa da shi shi ne asali, babu wani a bayansa. Abin da kake ji a waya ma daga irinsa aka kwafo, saboda wani ya riƙe nasa da kyau.

Bugu da ƙari, waya tana ba ka abin da injinta ya ga jama’a suna so, saboda haka mai suna yana ƙara suna, wanda aka manta ana ƙara mantawa da shi. Faifai kuwa yana tilasta maka ka juya shi, ka karanta takardar tsakiya, ka ga wa ya tsara, wa ya shirya, a wane gari. Daga sunan Willie Mitchell a jikin faifan Al Green sai ka kai ga Ann Peebles da O.V. Wright da Syl Johnson. Haka ake sanin kiɗa, kamar yadda ake sanin dangi ta hanyar bin salsala.

Masu cewa kiɗan wasu ne

Akwai kuma masu cewa ina ruwan Bahaushe da kiɗan Memfis. Su tambayi iyayensu da suka yi samartaka a birane a shekarun 1970. Tun kafin wannan lokaci Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya girgiza Legas da kiɗan sol, har Fela da kansa ya yarda cewa zuwan mutumin nan ya sa shi sake tunanin kiɗansa. James Brown ya zo Nijeriya a Disambar 1970. Ranar 6 ga Maris 1971, ranar bikin ’yancin Gana, aka yi babban taron kiɗan nan na Soul to Soul a Akara, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Staple Singers da Roberta Flack suka hau dandamali. Stevie Wonder ya halarci FESTAC a Legas a 1977. A wancan zamani kamfanonin EMI da Decca suna da rassa a ƙasar nan, kuma faya-fayan da suka fito daga hannun irinsu, na waje da na gida, har da na mawaƙanmu irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, suna nan jibge a ɗakunan ajiya na gidaje, ƙura da gara da zafi suna rabonsu.

Mu dubi abin da wasu suka yi da abin da aka yar. A arewacin Ingila, ’ya’yan ma’aikatan masana’antu sun ƙi kiɗan da rediyo yake tura musu, suka koma neman ƙananan faya-fayan Amurka da suka faɗi a kasuwa. A gidan rawa na Twisted Wheel a Manchesta, da kuma Wigan Casino wanda ya yi ta kwanan rawa daga 1973 zuwa 1981, darajar faifai ita ce a ce ba wanda ya san shi amma yana da daɗi. Su ne suka raya faifan Gloria Jones kafin Soft Cell su ji shi. Sai dai a nan ma akwai darasi na biyu, domin son abu in ya wuce kima yakan koma ciniki. Faifan Frank Wilson na 1965, “Do I Love You (Indeed I Do)”, wanda Motown ya fasa fitarwa aka lalata kusan duk abin da aka buga, an sayar da guda ɗaya a 2009 a kan fam 25,742. Wanda ya kulle faifai a akwatin ƙarfe yana jiran farashi ya tashi, da wanda ya kafa shi a bango, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: dukkansu ba sa ji. Mu ɗauki kunnen mutanen Wigan, mu bar musu gwanjon.

Arha ba ta ado

Yanzu sai hakki na biyu, wato abin da za a sa faifan a kai. A nan ne ɓarna ta fi yawa, kuma rashin sani ne ya fi jawo ta.

Sautin faifai yana cikin wani siririn tsagi ne wanda faɗinsa bai wuce silin gashi ba, an sassaƙa gefunansa da ƙananan lanƙwasa. Allura tana bin tsagin tana karkarwa, gidan allurar yana mai da karkarwar lantarki. Duk lokacin da aka sa faifai, dutse ne yake gogar roba. Abin da ke hana ɓarna shi ne allurar ta kasance mai santsi, kuma nauyin da ke kanta ya kasance daidai. Gidan allura na kirki, mai aiki da maganaɗisu, nauyin giram 2 ko ƙasa da haka yake bukata: na Audio-Technica samfurin AT-VM95E giram 2 ne, na Ortofon samfurin 2M Red giram 1.8. Ɗan akwatin nan mai hannu kuwa yakan danna giram 5 ko fiye, babu wurin ragewa, kuma sau da yawa bakin allurarsa ba lu’ulu’u ba ne, wani dutse ne mai laushi da yake cinyewa bayan ’yan gomiyoyin sa’o’i, alhali na lu’ulu’u yana kai ɗaruruwa. Allurar da ta cinye kuwa ta zama kurfi, sassaƙa take yi. Ga lasifika a jikin akwatin tana girgiza faifan da allurar take ƙoƙarin karantawa.

Masu son kiɗan sol su ne ya kamata su fi kowa tsoron wannan akwati. Ƙananan faya-fayan Amurka da yawa na shekarun 1960 da 1970 ba da robar babban faifai aka yi su ba, da wata roba ce mai arha mai gautsi da ake kira sitairin, wadda ake zubawa a mazubi. Ana gane ta da rashin nauyi, da takardar tsakiya da aka manna da gam, da ’yar ƙarar da take yi in an ƙwanƙwasa gefenta. Muguwar allura tana iya farar da tsaginta cikin ’yan sauraro kaɗan, kuma ƙarar da ta shiga ta shiga ke nan har abada. Faifan da ya tsallake shekara 50 da gobara da ambaliya, sai ya zo ya mutu a ɗakin ɗalibi cikin mako guda.

Saboda haka mai niyyar sayen garmaho na zamani ya duba abubuwa biyar, ya rufe idonsa daga launi da fitilu.

Na farko, hannun allura ya kasance yana da dunƙulen ƙarfe a bayansa wanda ake murzawa a daidaita nauyi. A haɗa da ɗan sikelin auna allura, kuɗinsa kaɗan ne. A sani kuma cewa rage nauyi ƙasa da abin da masu allurar suka ƙayyade shi ma ɓarna ne, domin allurar za ta riƙa tsalle tana dukan gefen tsagi.

Na biyu, gidan allura ya zama mai maganaɗisu, bakinsa lu’ulu’u, kuma wanda ake iya cirewa a sake. Ga tsofaffin ƙananan faya-fayai, allura mai zagayayyen baki ta fi mai kaifi sauƙin hali, ta kuma fi arha.

Na uku, juyi. Iri biyu ne: mai bel ɗin roba, da wanda injinsa yake juya farantin kai tsaye. Masu gardama sun daɗe suna ɓata yawu a kan wanne ya fi, gaskiya kuwa kowanne yana da na kirki. Technics na Japan ya yi suna da na kai tsaye tun fitowar SL-1200 a 1972, wanda aka daina yi a 2010 aka dawo da shi a 2016, kuma tsohonsa mai lafiya ya fi sabon akwati goma. Rega na Ingila da Pro-Ject na Ostiriya masu bel ne. Sai dai mai yawan sa ƙaramin faifai ya lura: a wasu masu bel, kamar Rega Planar 1, sai ka ɗaga faranti ka matsar da bel da hannu kafin ka koma juyi 45, alhali a irin AT-LP120X maɓalli kawai za ka danna. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, AT-LP60X shi ne matakin ƙasa da za a iya lamunta, ko da yake nauyinsa giram 3.5 ne kuma ba a daidaita shi. A nemi kuma ’yar zoben da ake cike babban ramin ƙaramin faifai da ita.

Na huɗu, ƙarfin sauti. Lantarkin da ke fitowa daga allurar maganaɗisu ɗan mitsitsi ne, kuma tun 1954 aka daidaita cewa ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa lokacin yanka faifai. Dole a sami ’yar amfilifaya ta musamman da za ta mai da shi yadda yake. Wasu garmaho suna da ita a ciki, wasu sai an saya daban. Lasifika kuma a raba ta da teburin da garmaho yake kai.

Na biyar, wanda masu tallan waje ba za su gaya maka ba domin ba damuwarsu ba ce: wutarmu. Tamu bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, ta Amurka bolt 120 ce mai zagaye 60. Garmahon da aka yi wa kasuwar Amurka, in ka cusa shi a bango kai tsaye zai ƙone. In ma ka sa masa taransifoma, matuƙar injinsa irin mai bin zagayen wuta ne, zai yi tafiyar hawainiya da kashi ɗaya cikin shida: juyi 45 ya koma 37 da rabi, Aretha ta koma namiji. Wutar janareto kuwa zagayenta hawa da sauka yake yi. Saboda haka a nemi wanda yake da na’urar daidaita gudu a cikinsa, kuma a karanta abin da aka rubuta a jikin abin cusa wutarsa kafin a biya kuɗi.

Bayan saye sai riƙo, kuma rigakafi ya fi magani. Zafin bazararmu yana wuce digiri 40 a inuwa, faifan da aka bari a mota ko jikin taga zai lanƙwashe kamar fefe. A tsayar da faya-fayai a tsaye, kada a jibga su kwance. Ƙurar hunturu yashi ce a cikin tsagi, kuma busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jawo ta, saboda haka a share da buroshi mai laushi kafin a sa, a mai da faifai jakarsa da an gama, a riƙe shi ta gefe. Wanda ya ci karo da tsohon faifai mai nauyi mai juyi 78 a kayan kakansa ya sani allurarsa daban ce, kuma sinadarin sifirit yana narkar da shi.

Kira ga ’yan’uwa ɗalibai

Za a ce duk wannan sai mai kuɗi, ɗalibi kuwa da kyar yake haɗa kuɗin abinci da na takardu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake cewa kada kowa ya sayi nasa. Kuɗin akwati goma na banza ya isa a sayi garmaho ɗaya na kirki. Ƙungiyar Ɗalibai tana kashe kuɗi a kan bukukuwan da ba a tuna su bayan kwana biyu. Me zai hana ta ware ɗaki ɗaya, ta sa garmaho mai lafiya da lasifika biyu a hannun wanda ya san aikinsu, a riƙa zama sau ɗaya a mako ana sauraro? Sharaɗin zaman ya zama guda biyu: duk faifan da aka sa sai an juya bayansa, kuma wanda ya kawo shi sai ya tashi ya faɗi wa ya yi shi, yaushe, a ina, da abin da ya same shi daga baya. In muka je hutu mu roƙi iyaye su buɗe mana ɗakunan ajiya, mu rubuta sunan kowane faifai da lambarsa, na Memfis da na gida, kafin gara ta gama da su ko ɗan gwangwan ya auna su a kilo.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bar ta a buɗe ƙuda ya lalata ba. Mu da muke kiran kanmu masu neman ilimi, abin kunya ne a ce mun riƙe tarihin mutane a hannu mun mai da shi abin ɗaukar hoto. Wanda yake da faifai a bango ya sauke shi yau, ya karanta sunayen da ke jiki, ya ajiye shi a inuwa har ranar da za a sami allurar da ta dace da shi. Allah ya ba mu kunnen ji, ya kuma sa mu zama masu riƙon amana.